Kada Ka Tsallaka Teku Tukuna

Ɗana, na karanta tambayarka. Ka ce wata baiwar Allah ta kawo maka aiki, tana so a gano mata asalin kakan kakanta, wani Sullivan da ya sauka a Niyu Yok wajejen 1850, kuma iyakar abin da ta ji a gida shi ne "daga Cork ya zo". Ka ce ka yi mako biyu kana bin littattafan baftisma na lardin Cork da ke ƙasar Ayalan ta intanet, ka tara masu suna irin nasa har sun yi maka yawa. Yanzu kana tambaya ta wanne za ka ɗauka.

Kada ka ɗauki ko ɗaya. Rufe littattafan nan, ka dawo Niyu Yok. Mutumin da ya yi hijira ba a fara nemansa a inda ya baro, ana fara nemansa ne a inda ya mutu, sai a riƙa ja da baya shekara-shekara har wata takarda ta faɗi sunan ƙauyensu. Ayalan lardi 32 ne da ita, amma ƙananan yankunan da suke kira townland sun haura 60,000, wani ma bai wuce gonaki kaɗan da gidaje biyar ba. In ba ka riƙe sunan wannan yanki ko na gundumar cocinsu ba, duk abin da za ka yi a can canki-canka ne. Balle Sullivan, sunan da ya cika Cork da Kerry kamar Musa da Garba a wurinmu.

Ita kanta kalmar "Cork" ka riƙe ta da hannu biyu amma kada ka jingina da ita. Lardi ce, birni ce, kuma tashar jirgin ruwa ce. Mutum zai iya takowa daga wani lardin ya hau jirgi a nan, jikokinsa su tashi suna cewa ɗan Cork ne. Ka san yadda wanda ya fito daga wani ƙauye bayan Wudil kan zama "ɗan Kano" da zarar ya sauka a Legas.

Takardar fasinjojin jirgi ma, wadda na ga kana ɗokin nema, ba za ta ba ka abin da kake so ba. Tun 1820 Amurka ke ajiye irin waɗannan takardu, amma a zamanin yunwar dankali da ta afka wa Ayalan, 1845 zuwa 1852, abin da ake rubutawa galibi bai wuce suna, shekaru, jinsi, sana'a da ƙasa ba. A gurbin ƙasa kuwa "Ireland" kawai za ka gani, layi bayan layi, kuma da yawansu ta Libaful da ke Ingila suka biyo. In matar nan ta ce maka an canja wa kakanta suna a tsibirin Ellis, inda aka riƙa tantance baƙi masu shigowa Amurka, ka gaya mata cikin ladabi cewa sai 1892 aka buɗe wurin. Ko Castle Garden da ta gabace shi sai 1855 ta fara karɓar baƙi. Mutuminka a bakin gaɓa jirgi ya sauke shi, ya ɗauki ƙullinsa ya shige gari.

Garin da ya shiga kuwa cike yake da 'yan ƙasarsu. A 1855 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Niyu Yok haifaffun Ayalan ne. Saboda haka abu na farko da za ka kafa shi ne adireshinsa da sana'arsa, domin su ne za su raba shi da sauran masu sunansa. Fara da takardar mutuwarsa, ka ga inda ya rasu da maƙabartar da aka kai shi. Daga nan ka bi ƙidayar jama'a ta ƙasa: 1880, 1870, 1860. Ta 1890 kada ka wahalar da kanka, gobara ta lalata mafi yawanta a 1921. Amma jihar Niyu Yok ta yi tata ƙidayar a 1855, kuma a ciki akwai tambayar shekara nawa mutum ya yi a garin, wadda za ta nuna maka lokacin zuwansa. Tsakanin ƙidaya da ƙidaya ka cike giɓi da littattafan adireshi na birni da ake bugawa kowace shekara. Kada ka yi mamaki in ka ga ya sauya gida sau bakwai a shekara goma. A wancan zamanin ranar 1 ga Mayu ce yarjejeniyar haya ke ƙarewa a garin, talakawa kan kwashe kayansu a amalanke su koma wani ɗaki, sau da yawa a layi na gaba kawai. Ka kuma tuna Brooklyn, wadda yanzu ɓangaren Niyu Yok ce, gari ne mai zaman kansa har 1898, takardunsa daban ake nemansu.

Shekarun haihuwa kada su ruɗe ka. Da yawansu ba su san ranar da aka haife su ba, kuma wanda ya buɗe wa mai ƙidaya ƙofa shi ke ba da amsa, ko da yaro ne ko mai gidan haya. Bambancin shekara biyar ba ya kore mutum. Haka sunaye: Bridget na iya zama Delia a Amurka, Honora ta koma Nora ko Hannah, O'Sullivan ya zubar da "O" yau, jikansa ya maido da ita gobe.

To, yanzu ga inda nake so ka daɗe. A 1850 ƙungiyar taimakon 'yan hijirar Ayalan ta buɗe banki, Emigrant Industrial Savings Bank. Da yake da yawa daga cikin masu ajiya ba su iya sa hannu ba, sai ma'aikacin banki ya yi wa mutum tambayoyin da ɓarawo ba zai iya amsawa ba, ya rubuta a wani littafi na musamman, don a gwada shi duk ran da ya zo cire kuɗi. Ina aka haife ka? Wane jirgi ya kawo ka, yaushe? Sunan mahaifinka? Sunan mahaifiyarka na gidansu? 'Yan'uwanka nawa, ina suke? Littattafan suna Babban Ɗakin Karatu na Jama'a na Niyu Yok, an kuma ɗauki hotonsu. Ranar da na fara ganin shafi ɗaya ban manta ba. Tawada ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, rubutun a kwance yake, a matse, layi huɗu kacal. Wata mai wankau ce. Ga sunan ƙauyensu da nisansa daga gari mafi kusa, ga sunan jirgi, uba ya rasu, uwa na gida, ƙane ɗaya a Boston. Abin da na yi wata uku ina nema, ita ta faɗe shi da bakinta a tsaye gaban teburin banki, ba tare da ta san wani zai zo nema bayan shekara ɗari da hamsin ba.

Mai yiwuwa mutuminka bai buɗe ajiya ba. Nemi matarsa, nemi ƙanwarsa, nemi duk wanda ya tsaya masa. Wannan ne sirrin sana'ar: ɗan Ayalan ba ya tafiya shi kaɗai. Wanda ya riga zuwa shi ke aika kuɗin jirgi, sabon zuwa kuma a ɗakinsa yake sauka, kamar yadda baƙo a zango ke neman mai masauki ɗan garinsu. Don haka in ka buɗe shafin ƙidaya kada ka kwafi layin mutuminka kaɗai, kwafi gidan gaba ɗaya da na dama da na hagu. In ka sami baftismar 'ya'yansa, rubuta sunan duk wanda ya tsaya a matsayin uban baftisma ko uwar baftisma, da shaidun aurensa. Waɗannan galibi dangi ne ko 'yan ƙauye ɗaya. Cikin mutum goma irin waɗannan, ɗaya zai bar takardar da ta faɗi inda suka fito duka.

In har adireshin ya kai ka unguwar Five Points, to ka buɗe ido sosai. Daga ƙarshen 1850 wakilin basaraken Lansdowne, mai filayen da ke kewayen Kenmare a lardin Kerry, ya biya wa dubban talakawan da ke zaune a filayen kuɗin jirgi, domin ya ga hakan ya fi ciyar da su a gidan gajiyayyu araha. Da yawansu a Five Points suka tare, tituna biyu zuwa uku, kuma masu sunan Sullivan da Shea sun yi yawa a cikinsu. Ta Cork suka bi wajen fita. Ka ga ke nan "daga Cork" ɗin matar nan na iya ƙarewa a Kerry. Cocin Transfiguration da ke titin Mott shi ne na unguwar, kuma littafin aurensa na shekarun 1850 yakan faɗi inda aka haifi ango da amarya a Ayalan, abin da ba kowane coci ke yi ba.

Sai maƙabarta. Katolikan Niyu Yok na wancan zamani Calvary ake kai su, a Queens, wadda aka buɗe a 1848. Talakan da bai mallaki ɗaki ba a rayuwarsa, iyalansa kan tara kuɗi a sassaƙa masa dutse, a rubuta lardinsu da gundumar cocinsu a ƙarƙashin sunansa. Ka nemi jerin duk waɗanda aka binne a filin kabarin, ba shi kaɗai ba, domin za ka tarar da sunayen da iyalin yanzu ba su taɓa ji ba. Ka kuma duba jaridar Pilot ta Boston, wadda daga 1831 zuwa 1921 ta riƙa buga cigiyar 'yan'uwan da suka ɓace wa juna. Mai cigiya dole ya faɗi ƙauyen wanda yake nema don a gane shi, shi ya sa waɗannan 'yan layuka suke da daraja. In ya yi yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, fayil ɗin fanshonsa ko na matarsa yana ma'adanar takardun ƙasa a Washinton, wani lokaci har da wasiƙu da shaidar aure a ciki. Takardar zama ɗan ƙasa kuwa, in kafin 1906 aka yi ta, kada ka sa mata rai da yawa, galibi abin da ta faɗa shi ne ya fita daga biyayyar sarautar Birtaniya.

Abin da ya sa nake tsananta maka, ni ma na taɓa yin abin da kake shirin yi. Ina sabon hannu, na sami baftisma mai suna daidai, shekara daidai, sunan uba daidai, na rubuta wa iyalin cewa ga ƙauyenku. Suka tara kuɗi suka je, suka tsaya gaban wani kango suka yi hoto, dattijuwar cikinsu ta ɗebo ƙasar wurin a kwalba. Bayan shekara biyu na ci karo da dutsen kabarin wan mutumin, ga sunan wata gundumar coci daban an sassaƙa ɓaro-ɓaro. Na rubuta musu, na mayar da kuɗinsu, amma abin da na ɗauke wa tsohuwar nan ba kuɗi ke biyansa ba. Har yau in na ga suna ya dace da wuri haka, sai gabana ya faɗi.

Ran da ka riƙe sunan yankin daga takardu biyu da ba su san juna ba, sannan ka tsallaka. A can ka san abin da ke jiranka. Gobarar da ta tashi a ma'adanar takardu ta Dablin ranar 30 ga Yuni 1922 ta cinye kusan dukkan ƙidayar 1821 zuwa 1851. Rajistar haihuwa ta gwamnati ga kowa da kowa sai 1864 ta fara, mutuminka ya daɗe da tafiya. Abin da ya rage maka shi ne littattafan cocin Katolika da Ɗakin Karatu na Ƙasa ya sa a intanet kyauta a 2015, waɗanda ka riga ka sani, yawanci da Latin: James ya zama Jacobus, William ya zama Gulielmus. Sai kimar filaye ta Griffith, 1847 zuwa 1864, mai nuna wanda ke hayar kowace gona, da ƙidayar 1901 da 1911 don ganin ko akwai sauran dangi a wurin. Ka lura da sunayen 'ya'yansa ma, domin bisa al'adarsu ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari kuma ta ci na kakarta ta wajen uwa. Ba doka ba ce, amma tana haska hanya.

Matar nan ka kira ta yau, ka ce aikin zai ɗauki lokaci fiye da yadda ka yi alkawari. Ka tambaye ta ko akwai tsohon littafin addu'a a gidan, ko katin jana'iza, ko hoto mai rubutu a baya, ko wata gwaggo mai shekaru da ba a taɓa zaunar da ita an tambaye ta ba. Gobe da safe ka zo mini da takardar mutuwar mutumin, mu fara da sunan maƙabartar.