Tambaya da Amsa: Wa ya ci yaƙin Guadalcanal, sojan sama, na ruwa ko na ƙasa?

Tambaya: Malam, na ji cewa Amurka da Japan sun shafe wata shida suna gwabzawa a kan tsibirin Guadalcanal lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Me ya sa yaƙin ya daɗe haka, kuma wace runduna ce ta kawo nasara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da aka yi rigima a kansa shi ne filin jirgin sama guda ɗaya da Japanawa suka fara ginawa a wannan tsibiri na ƙasar Solomon, wanda da sun kammala shi da sun datse hanyar ruwa tsakanin Amurka da Ostireliya. Ranar 7 ga Agusta 1942 sojojin Amurka kimanin 11,000 ƙarƙashin Janar Vandegrift suka sauka, washegari suka ƙwace filin, daga baya suka raɗa masa suna Henderson.

Murna ba ta daɗe ba, domin a daren 8 ga wata, wayewar 9, jiragen ruwan Japan suka yi musu dirar mikiya kusa da tsibirin Savo, suka nutsar da manyan jiragen yaƙi huɗu, uku na Amurka ɗaya na Ostireliya, aka rasa mutum fiye da 1,000. Jiragen dakon kaya suka janye ba su gama sauke abinci da makamai ba, har ta kai sojojin da ke tudu suna cin shinkafar da Japanawa suka gudu suka bari.

Tun daga 20 ga Agusta, da jiragen sama suka fara sauka a Henderson, yaƙin ya rabu gida biyu: rana ta Amurka, dare na Japan. Duk jirgin ruwan Japan da gari ya waye masa kusa da tsibirin sai ya sha ruwan bama-bamai, saboda haka suka koma jigilar soja cikin dare a ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, waɗanda za su sauke mutane su juya kafin asuba. A nan gizo yake saƙa, domin irin waɗannan jirage suna ɗaukar mutum da bindigarsa, amma ba su da wurin manyan igwa, motoci da isasshen abinci. Shi ya sa hare-haren ƙasa na Agusta, Satumba da Oktoba duk suka watse a bakin shingen Amurkawa, duk da cewa a tsakiyar Oktoba manyan jiragen ruwan Japan biyu, Kongo da Haruna, sun yi wa filin luguden wuta cikin dare har suka lalata kusan rabin jiragen da ke ciki.

A ganina an yanke hukunci ne tsakanin 12 da 15 ga Nuwamba, lokacin da Japan ta yi kasadar turo jiragen dako 11 da soja kusan 7,000. Ta rasa manyan jiragen yaƙinta biyu, Hiei da Kirishima, jiragen sama suka hallaka yawancin jiragen dakon a hanya, huɗun da suka iso aka ƙone su a gaɓa. Bayan haka sai dai a cika gangunan ƙarfe da shinkafa, a ɗaure su da igiya, a jefa a teku don soja su jawo, kuma galibinsu ba sa kai wa gaɓa. Yunwa, zazzaɓin cizon sauro da atini suka kashe Japanawa fiye da yadda harsashi ya kashe.

Don haka ba za a ba runduna ɗaya kambun ba: sojan ƙasa ya tsare filin, filin ya ba jiragen sama ikon mallakar rana, sojan ruwa kuma ya biya da jini mai yawa don ya hana a rusa filin da dare. A farkon Fabrairu 1943 Japan ta kwashe sauran sojojinta sama da 10,000 cikin dare uku, Amurka ta ayyana tsibirin a hannunta ranar 9 ga wata.