Masar ba gayyatarta aka yi ba a Gasar Kofin Duniya ta 1934, sai da ta buga

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya, na ga ka ce kun yi musu da abokinka a wurin mai shayi, shi ya dage a kan cewa kafin Yaƙin Duniya na Biyu babu wani wasan share fage na shiga Gasar Cin Kofin Duniya ta ƙwallon ƙafa, gayyata kawai ake aika wa ƙasashe, har da Masar da ta je a 1934. Kana son sanin yaushe aka fara wasannin neman gurbin. To, abokin naka ya kama wani ɓangare na gaskiya, amma kai ne ka ci musun.

Gasar farko ta 1930 a Uruguay ce aka yi da gayyata. Ƙasashe 13 suka je, huɗu kacal daga Turai: Faransa, Beljiyom, Romaniya da Yugoslabiya. Sauran suka ce ba za su iya barin ƴan wasansu su kwashe makonni a kan teku ba. Da aka zo gasar 1934 a Italiya, masu so suka yi yawa, ƙasashe 32 ga gurbi 16, dole aka tace. Wasan share fage na farko a tarihi shi ne wanda Suwidin ta doke Istoniya da ci 6 da 2 a Stockholm, ranar 11 ga Yuni 1933.

Masar kuwa rukuninsu su uku ne, ita da Turkiyya da Falasɗinu, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma ƴan wasan da suka wakilce ta Yahudawa ne mazauna can. Turkiyya ta janye. Masar ta yi wa Falasɗinu 7 da 1 a Alƙahira ranar 16 ga Maris 1934, ta bi ta har Tel Aviv ta ƙara mata 4 da 1 a watan Afrilu. Da guminta ta samu tikiti, ta zama ƙasar Afirka ta farko a gasar. A Napoli ta haɗu da Hungari, aka zura mata biyu, Abdulrahman Fawzi ya farke duka biyun kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka tashi 4 da 2. Shi ke nan, domin gasar a shekarar sili ɗaya ƙwale ce tun daga wasan farko. Afirka ba ta sake leƙa gasar ba sai da Moroko ta je a 1970.

Amma akwai abin da nake so ka riƙe, kuma ba a littafi kaɗai na koye shi ba. Na yi shekara fiye da ashirin ina cikin kwamitin shirya gasar unguwanni a garinmu, kuma na daɗe da gane cewa jadawalin da aka manna a bango daban, abin da ke faruwa a fili daban. Akwai shekarar da muka haɗa kuɗi da ƙyar, muka ɗauki hayar motar bas ta kai yaranmu wani ƙauye wasan neman shiga zagaye na gaba. Muka isa bayan azahar, yara suka sa riguna, suka yi ta motsa jiki a rana, alƙalin wasa yana ta duba agogo. Har la'asar sakaliya ba a ga ƙeyar abokan karawar ba. Daga baya muka ji cewa wanda ya yi alkawarin kuɗin mota ne ya zille musu. Aka ba mu nasara a ɓagas, muka dawo muna waƙa a mota kamar mun ci wani. Duk lokacin da na karanta labarin wasannin share fagen 1934 da 1938, wannan yammacin nake tunawa. Kuɗin jirgi, nisan hanya da rigimar gwamnatoci sun raba gurabe kusan yadda ƙwallon kanta ta raba.

Dubi Kudancin Amurka a 1934. Brazil da Ajantina ko taɓa ƙwallo ba su yi ba, saboda Peru da Chile sun janye. Uruguay mai riƙe da kofi ta ƙi zuwa kare kambunta gaba ɗaya, tana jin haushin yadda Turawa suka ƙaurace wa gasarta. Ingila da Sikotlan da sauran yankunan Birtaniya ba sa ma cikin FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, a lokacin, sun fice tun 1928. Ita kanta Italiya mai masaukin baƙi sai da ta buga share fage, abin da ba a sake yi wa wata mai masauki ba: ta ci Girka 4 da nema a Milan, Girkawa suka ce sun haƙura da wasa na biyu. Poland ta sha kashi 2 da 1 a gida a hannun Chekoslobakiya, wasan ramuwa kuma bai yiwu ba saboda tsamin dangantaka tsakanin gwamnatocin biyu.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne na Meziko. Sun buga da Kuba sau uku, duka a birnin Meziko, sun ci duka ukun, suna ganin sun gama. Sai ga Amurka ta shigar da takardunta a makare, FIFA ta ce to a raba gardama da wasa ɗaya, kuma a birnin Rum za a yi shi. Ka yi tunani: mutane suka hau jirgin ruwa, suka ƙetare tekun Atlantika, suka sauka a Italiya, ranar 24 ga Mayu 1934, saura kwana uku a buɗe gasa, aka ci su 4 da 2. Wani ɗan wasan Amurka, Aldo Donelli, ne ya zura duka huɗun. Ƴan Meziko suka tattara kayansu ba su buga ko minti ɗaya a gasar da suka zo dominta ba. Su ma Amurkawan murnarsu kwana uku ta yi, Italiya ta yi musu 7 da 1. Na san irin shirun da ake yi a mota idan an dawo daga irin wannan tafiya, har direba ba ya son kunna rediyo.

Kada kuma ka ɗauka duk janyewa ce, an buga ƙwallo ta gaske. Sifaniya ta ragargaji Fotugal 9 da nema a Madrid, Isidro Lángara shi kaɗai ya ci biyar. A Dublin, Ayalan da Beljiyom sun tashi 4 da 4, Paddy Moore ne ya ci wa Ayalan duka huɗun, amma duk da haka ba su je ba. Dalili shi ne Holan ta doke su dukansu, Ayalan 5 da 2, Beljiyom 4 da 2, sai aka koma lissafi don sanin wacce za ta bi Holan zuwa gasar. A wancan zamani ba debe ƙwallayen da aka ci ka ake yi daga waɗanda ka ci ba, raba su ake yi. Kowa ya ci shida, amma Beljiyom takwas aka zura mata, Ayalan tara. Ƙwallo ɗaya tak ta raba su. Mu ma mun taɓa kusa ba hammata iska a kwamiti kan irin wannan lissafi, shi ya sa tun daga nan nake cewa a rubuta doka kafin a busa usur na farko.

Gasar 1938 a Faransa ita ce ta fara ba mai masauki da mai riƙe da kofi gurbi kai tsaye, wato Faransa da Italiya. Zuwa lokacin ƙamshin yaƙi ya riga ya cika duniya. Sifaniya na cikin yaƙin basasa, ba ta buga ba. Japan ta shiga yaƙi da Sin, ta janye, sai gurbin ya faɗa hannun tsibiran da Holan ke mulka, waɗanda yau ake kira Indunisiya. Suka zama ƙasar Asiya ta farko a gasar, Hungari ta sallame su da 6 da nema. Masar ta janye, Romaniya ta wuce a ɓagas. Ajantina da Uruguay suka ƙi zuwa don an sake kai gasar Turai karo na biyu a jere. Kuba ta samu gurbi ne saboda duk abokan rukuninta sun janye, kuma ta ba da mamaki, ta fitar da Romaniya kafin Suwidin ta yi mata 8 da nema.

Na Ostiriya ya fi duka muni. Ta doke Latbiya 2 da 1 a Vienna a watan Oktoban 1937, ta samu tikitinta halak malak. A watan Maris 1938 Hitila ya haɗiye ƙasar ya haɗe ta da Jamus. Ƙungiyar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 1934 ta wayi gari babu ita, aka kwashi wasu ƴan wasanta aka cusa cikin ta Jamus, Suwizalan kuma ta fitar da gamin gambizar a zagayen farko. Da ƙasashe 15 aka yi gasar, Suwidin da ya kamata ta kara da Ostiriya ta wuce ba ta yi gumi ba.

Idan wani ya tambayi ina Najeriya take a duk wannan, muna ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, ba mu da ƙungiyar ƙasa sai a 1949. Share fagenmu na farko na gasar 1962 ne, kuma Ghana ce ta fitar da mu a 1960, 4 da 1 a Accra, 2 da 2 a Legas.

Don haka ƙanena, koma wurin mai shayin ka ce wa abokinka 1930 kaɗai ce ta gayyata. Idan da caca a kan shayi da ƙwai kuka yi, shi zai biya, ka sa a ƙara maka burodi.