Simlink yana buɗe mini, amma ya ƙi buɗe wa yaran shagona

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a wani ƙauye kusa da Ringim. Kwamfuta ɗaya muke aiki da ita, mai Ubuntu 22.04, ni da yarana biyu, kowa da asusunsa. Na yi simlink mai suna fom a cikin foldar /srv/shago, mai kaiwa /home/oga/fom. Ni yana buɗe mini, su kuwa sai ya ce "Permission denied". Har chmod 777, mai buɗe izini ga kowa, na yi masa, shiru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'a albarka, ɗan'uwa.

Simlink kwatance ne kawai, kamar yaron da ya nuna wa baƙo gida. Ko ya nuna, in an garƙame soro baƙo ba zai shiga ba. A Linux, izinin da kake gani a jikin simlink, lrwxrwxrwx, ado ne, ba a duba shi. Ana duba izinin fayil ɗin asali ne, da izinin wucewa, wato x, a kowace folda da ke kan hanya.

Tun daga Ubuntu 21.04, foldar gidan duk sabon asusu tana zuwa da izini 750, wato mai asusun da rukuninsa kaɗai ke iya shiga, saboda haka yaranka a bakin /home/oga suke tsayawa. Ka buga namei -l /srv/shago/fom, zai jero maka kowane mataki da mai shi.

Wannan chmod 777 kuwa bai taɓa simlink ɗin ba, ya bi shi ne ya sauka kan foldar fom ta asali. Haka chown, umarnin sauya mai fayil, yake yi in ba ka sa -h ba. Ka mayar da izinin foldar fom 750.

Kada ka buɗe foldar gidanka, /home/oga, don wannan, musamman da hotuna da takardun mutane a ciki. Ka ƙirƙiri rukuni da groupadd shago, ka saka kowa da usermod -aG shago, ku fita ku sake shiga. Ka cire simlink ɗin, ka kwaso fom ɗin zuwa /srv/shago da mv, sannan chgrp -R shago don mayar da su na rukunin, domin mv ba ya sauya rukunin fayil, sai chmod 2770 a foldar. Wannan 2 ɗin ita ke sa sabbin fayiloli su gaji rukunin.

In kuma izinin /srv/shago 1777 ne irin na /tmp, foldar da kowa ke iya rubutu a ciki, akwai wani shinge, fs.protected_symlinks, wanda ya shigo da Linux 3.6 a 2012: ba za a bi simlink ba sai in na mai buɗewa ne ko na mai foldar. Kada ka kashe shi, 2770 ɗin za ta raba ka da shi.