Ba a bin kolibiri da kyamara

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kwana uku ke nan kana wani lambun furanni a kwarin Tandayapa na ƙasar Ekwado, ka ɗauki hoto ya fi 1,000, amma ko dai fure ne ba tsuntsu, ko tsuntsu ne a dagule. Ka tambaye ni: "Maigida, ko kyamarar ce ba ta kai ba?" Kyamararka lafiya lau take. Kai ne kake bin kolibiri da ita, ɗan ƙaramin tsuntsun nan mai shan ruwan fure, shi kuwa ba a bin sa.

Na san inda ka samo wannan ɗabi'a. A gida ka saba da sha-kauci, wanda yawanci yakan sauka a reshe ya sha ruwan fure, ya ba ka lokaci. Kolibiri, ko kinde kamar yadda mutanen wurin ke ce masa, kama kawai suka yi, ba dangi ba ne, kuma a nahiyar Amurka kaɗai yake. Yana tsayawa cik a iska, yana komawa da baya, ƙananansu kan kaɗa fukafuki sau 50 zuwa 80 a daƙiƙa guda. Wane hannu ne zai cim masa?

Gobe da sassafe ka bar kyamara a jaka, ka zauna awa guda kana kallo kawai. Za ka ga kowane tsuntsu yana da reshen da yake komawa bayan ya sha, har yana korar 'yan'uwansa daga furen da ya mallaka. Za ka kuma ga idan ya tsoma baki a fure, yakan ja baya kamar taƙi ɗaya, ya tsaya a iska, sannan ya koma. Wannan 'yar tsayawar ita ce hotonka. Kafa kyamara a kan ƙafafunta, saita ta a gefen furen tun kafin ya zo, ka cire ido daga kan sauran.

Maganar jawo su: dogayen furanni masu kama da kakaki, ja ko ruwan lemo, su suka fi so. Idan za ka sa ruwan sukari, kofi 1 na farin sukari a kofi 4 na ruwa, shi ke nan. Ban da zuma, ban da kala. Ka wanke mazubin ka sake ruwan duk kwana biyu, domin idan ya yi tsami cuta yake sa musu, kuma wannan ya fi damuna a kan kowane hoto. Halitta ce da bugun zuciyarta kan wuce 1,000 a minti, kullum a bakin yunwa take. Za ka iya ɗauke mazubin ka ɗaura fure a gurbinsa, ka ɗiga masa ruwan sukari da sirinji, za su zo. Amma bayan ɗan lokaci ka mayar musu da abinsu. Sheƙa kuwa kar ka kusance ta ko kaɗan.

Dajin nan na hazo ne, haske ba ya isa. Kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, zuwa 3200. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, dagulalle kuwa sai shara. Saurin shota, wato lokacin da idon kyamara ke buɗe, 1/2000 na daƙiƙa zai tsayar da jiki, fukafuki sai ka kai 1/4000. Masu son fukafuki tsaf sukan jera filasha uku ko huɗu, kowace a rage ƙarfinta zuwa 1/16, don walƙiyar ta yi gajarta ta daskarar da motsin. Na yi hakan, yana aiki. Sai dai ni na fi son a bar ɗan dishi-dishi a bakin fukafuki, mai kallo ya ji tsuntsun na da rai.

Abin da ya fi ba sabon hannu mamaki shi ne launi. Ƙyallin wuyan nan ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke mayar da haske, shi ya sa tsuntsun da ka gani baƙi ƙirin, da ya juyo kai sai ya zama kore shar ko shuɗi. Haske ya kasance a bayanka, ka jira ya fuskance ka.

Akwai wani ƙarami a nan Tandayapa mai farin gashi a ƙafa kamar an naɗa masa auduga, jelarsa zare biyu masu faifai a ƙarshe. Shi nake so ka sa wa ido. Idan ka sami mota, hau Yanakoca kusa da Kito, babban birnin ƙasar, inda ake ganin mai bakin takobi, wanda bakinsa ya fi gangar jikinsa tsawo. Ka tafi da rigar sanyi, wurin ya haura mita 3,000. Jibi ka turo mini hotuna goma ba tare da ka taɓa su ba, ka rubuta saitin kowanne a ƙarƙashinsa.