Matatar Waje A Ƙaramin Tankin Kifi

Ka tambaya ko matatar ruwa ta waje ba ta yi wa tankinka mai lita 40 yawa ba. Ba ta yi ba, ɗan'uwa. Ni ma ita na fi so, don ba ta cin wuri a cikin gilashin, kuma tana ƙara yawan ruwan da ke zagayawa.

Abin lura shi ne ƙarfin turin ruwan. Nemi wadda ke juya ruwan tankin sau 4 zuwa 6 a awa, wato lita 160 zuwa 240. In ka ga kifi na fama da igiyar ruwa yana maƙalewa a lungu, ƙarfin ya yi yawa, musamman ga masu dogon jela irin betta. Karkata bakin fitar ruwan ya bugi gilashi, ko ka rage shi ta famfon fita, ba na shiga ba. Sa soso a bakin tsotsa, kada ya zuƙe ƙananan kifi.

Don Allah kada ka wanke soson matatar da ruwan famfo. Kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo, na kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a soson, waɗanda ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi. Ɗebi ruwan tankin a bokiti ka matse shi a ciki. Ajiye matatar ƙasa da tankin.