Aikatau Mai Bin Ƙa'ida na Ingilishi Fuska Huɗu Gare Shi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa ta ƙasar Kamaru, bana zan zauna jarrabawar Probatoire. Da Faransanci muka taso tun firamare, mun sha haddar aikatau. Yanzu kuma an ce mana Ingilishi lokuta 12 gare shi. Yaya zan jujjuya aikatau irin "work" a cikinsu duka ban rikice ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya ba da sa'a. Faransanci ne ya tsorata ka. A can, "parler" kaɗai siffa biyar yake ɗauka a lokacin yanzu: parle, parles, parlons, parlez, parlent, kafin ma a kai ga sauran lokuta. Shi kuwa aikatau mai bin ƙa'ida na Ingilishi fuska huɗu ce da shi duka-duka: work, works, worked, working. Sauran aikin, ƙananan kalmomin da ke shiga gabansa ne ke yi. Mai jin Hausa ya riga ya san wannan tsari: na dafa, zan dafa, nakan dafa. "Dafa" na nan yadda yake, abin da ke gabansa ne ke nuna lokaci.

Abin da aka saba yi shi ne "I work", wato nakan yi aiki. Idan shi ne ko ita, sai a liƙa s: "she works". Wannan s ɗin ƙanƙanuwa ce, amma na ga ta cinye wa ɗalibai maki da yawa. Abin da ya wuce "worked" ne ga kowa, mai zuwa kuma "will work". Idan ana cikin yin aikin, sai a ɗauko am, is ko are a haɗa da working: "I am working". A mayar da shi baya ya zama "I was working", a kai shi gaba ya zama "I will be working". Haka have ke tafiya da worked: "I have worked", "I had worked", "I will have worked". Ukun ƙarshe su ne "have been working", "had been working" da "will have been working". Lissafi ya cika 12. Na ƙarshen nan ka san da zamansa kawai, ko masu harshen ba su cika furta shi ba.

Inda nake so ka tsaya sosai shi ne "I have worked". Ƙirarsa ɗaya da "j'ai travaillé", shi ya sa yaranmu daga Ngaundere har Marwa suke rubuta "I have worked yesterday". Kuskure ne. Duk sa'ad da ka ambaci lokacin da ya riga ya shuɗe, jiya ko bara ko shekarar 2020, to "I worked" ne. Shi "have worked" na abin da har yanzu yake da alaƙa da yau ne, ko wanda ba a faɗi ranarsa ba. A nan Hausa da Faransanci suka haɗa kai wajen ruɗar ɗalibi. Muna cewa ina aiki a nan tun 2020, Bafaranshe ya ce "je travaille ici depuis 2020", duka a lokacin yanzu. Ingilishi ba ya karɓar "I work here since 2020". Sai dai "I have worked here since 2020" ko "I have been working here since 2020". Since na mafarin lokaci ne, for kuma na tsawonsa: "for three years".

Wajen tambaya da korewa, did ne ke ɗaukar nauyin lokaci, aikatau ya koma tsurarsa: "Did you work?", "I did not work". Haka does ke ƙwace s ɗin nan: "Does she work?" Kada ka ɗora alama sau biyu.

Rubutun ed yana da 'yan dabaru. Like ya zama liked. Study ya zama studied saboda baƙi ne gaban y, amma play ya zama played saboda wasali ne. Stop ya zama stopped, baƙin ƙarshe ya ninku. Travel kuwa, Ingila na rubuta travelled, Amurka traveled. Ka bi na Ingila, shi makarantun Kamaru suka fi sabawa da shi.

Furuci ma ka kula, domin harshenmu na son cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Worked gaɓa ɗaya ce, ƙarshenta t ake ji. Played ma gaɓa ɗaya ce, da d a ƙarshe. Sai in aikatau ya ƙare da sautin t ko d ne ake ƙara gaɓa, kamar wanted da needed. Ka ɗauki play, stop da want ka bi da su ta lokutan nan da babbar murya, ka ji bambancin da kunnenka.