Zauren Amsoshi: Ci da Sha da Kuɗi Kaɗan a Gaɓar Tekun Kerala Lokacin Damina

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan jihar Kerala suke, wadda ke kudu maso yammacin Indiya, inda mutanenmu ke zuwa jinya ko karatu. Damina can takan faɗi wajen 1 ga Yuni, ta ja har Satumba, sannan wata ta biyu ta biyo baya daga Oktoba zuwa Disamba.

Tambaya: Zan raka mahaifina jinya birnin Kochi a watan Yuli, kuma za mu ɗan daɗe. An ce da damina komai yana araha a bakin teku. Gaskiya ne? Ya zan yi kada kuɗin abinci su cinye mana guzuri? (Daga wani ɗan kasuwa a Kano)

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Alhaji. Abin da ke araha da damina masauki ne, domin 'yan yawon buɗe ido sun watse, kuma mai ɗaki zai saurare ka idan ka ce za ku yi wata guda. Abinci kuwa bai bi wannan ba. Gidajen cin abinci da ke fuskantar teku a Kovalam da Varkala da Fort Kochi, wasu rufewa suke yi, waɗanda suka rage kuma farashinsu na baƙi ne, ga ƙarancin ciniki da ke sa kaya su kwana a firji, wuta kuma na ɗaukewa idan iska ta taso. Ka juya wa teku baya, ka shiga cikin gari, ka nemi inda direbobin a-daidaita-sahu da ma'aikata ke cin na rana. A can duk inda ka ga an rubuta hotel, galibi gidan abinci ake nufi.

Abincin rana shi ne ginshiƙin tattalinka. Sunansa oonu: shinkafa mai kauri jaja-jaja, da miyar wake da kayan lambu, da ganye da aka soya da kwakwa, da tsala, da ɗan romon kifi. A ƙaramin gida yakan kama daga kimanin rupi (kuɗin Indiya) 60 zuwa 100, kuma a mafi yawan wurare ana ƙara maka shinkafa da miya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Akwai ma gidajen Janakeeya na ƙungiyar mata ta Kudumbashree, da aka soma a 2020 da faranti a rupi 20. An ƙara farashin daga baya, amma har yanzu da wuya ka sami ƙasa da nasu. Ka je tsakanin sha biyu da rabi da ƙarfe biyu, lokacin da tukunya ke tururi. Inda ake zamewa shi ne lokacin da yaron gidan ya zagayo da tire cike da soyayyen kifi ya ce ka zaɓa. Wannan daban ake lissafa shi, kuma yanka ɗaya na babban kifin nan neymeen yana iya ninka kuɗin farantin sau biyu ko uku. Ka tambayi kuɗinsa kafin ya sauka a gabanka.

Da safe ka nemi puttu, wato garin shinkafa da aka turara da kwakwa, a haɗa maka da miyar wake ko ayaba, ko kuma appam, wanda ɗan'uwan wainarmu ne sai dai gefensa siriri ne. Da dare akwai porotta, wata gurasar fulawa mai ninki-ninki, da naman sa, ko kappa, dafaffen rogo da miyar kifi. Shi kuwa Baba, abin da likita ya ce shi za a bi, amma ka riƙe kalmomi biyu: erivu venda, ban da yaji, da madhuram venda, ban da zaƙi. Kanji, wato kunun shinkafa mai ruwa-ruwa, ana samunsa a kusan kowane kantin asibiti, kuma yana kwanciya a cikin marar lafiya.

Tambaya: Ni damuwata halal. Sannan wata ta ce min lallai in ɗanɗana wani farin abin sha na kwakwa da ake kira kallu. Mene ne shi? (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Hajiya, kallu bammi ne, kada ki kusance shi. Ruwa ne da ake tatsa daga saman bishiyar kwakwa, kuma cikin 'yan sa'o'i yake tsami ya zama giya. Rumfunan da ake sayar da shi sun yi suna da daɗin kifi da arha, shi ya sa ake tura baƙi can, amma mashaya ce, kuma wasu suna dafa naman alade, wanda sunansa panni. Abin da kike nema shi ne karikku, ɗanyar kwakwa da za a sare a gabanki, kimanin rupi 40 zuwa 60. Idan kin shanye ki miƙa a tsaga miki ki kankare naman ciki.

Batun halal kuwa da sauƙi. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun ɗan haura kashi 26 cikin 100 na mutanen jihar, kuma a arewa, yankin Malabar, wato su Kozhikode da Malappuram da Kannur, girki nasu ne. Naman sa ba a hana shi a Kerala ba, saɓanin jihohi da dama na Indiya. Musulmin can galibi Shafi'awa ne, suna cin dukkan naman teku kamar yadda Malikiyya ta halatta, don haka jatan lande da ƙaguwa ba abin tambaya ba ne. Idan kin rasa tabbas a kudu, ki shiga gidan da ba a dafa nama sam, ki huta.

Abin sha mai zafi shi ne abokin damina. Shayi kofi ɗaya rupi 10 zuwa 15 ne. Bayan biriyani, wato dafa-dukan shinkafa da nama, ki nemi sulaimani, baƙin shayi da lemun tsami. Idan mura ta kama ki, chukku kappi, gahawa ce da busasshiyar citta da masoro da baƙin suga.

Tambaya: Tunda bakin teku ne, na ɗauka kifi zai yi banza. Wani ɗalibi ya ce min da damina ya fi tsada. Ta yaya? (Daga wani malamin makaranta a Maraɗi)

Amsa: Ɗalibin ya yi gaskiya, Malam. Tun 1988 Kerala ke hana manyan jiragen da ke jan taru a ƙasan teku fita da damina, don kifi ya samu ya hayayyafa. A 'yan shekarun nan hanin kwana 52 ne, daga tsakar daren 9 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli. Masu ƙananan kwalekwale ba a hana su ba, sai dai igiyar ruwa kan zaunar da su kwanaki a jere. Kifi sai ya yi ƙaranci, a riƙa shigo da shi cikin motoci daga jihohin maƙwabta, ya kwana ya wuni a hanya. Nan ne ɓarna take shiga. A 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta jihar ta kama dubban kilo na kifi da aka shafa wa fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi.

Saboda haka ka sayi ƙaramin kifin da masuntan garin suka fito da shi ranar: mathi, wato sadin, da ayala, dangin wanda muke kira taitus, da netholi 'yan ƙanana. Su ne mafi arha, su ne kuma ba su yi tafiya ba. Ka duba idon, ya zama garau kuma a kumbure. Ka ɗaga murfin kumatu, cikin ya zama ja, ba ruwan toka ba. Ka danna da yatsa, naman ya dawo. Kifin da ya sandare kamar roba, ba ƙarni, ƙuda ma ba sa sauka, ka bar shi. Wani abu kuma da mutane ba sa ganewa: sadin da ayala idan suka daɗe ba ƙanƙara, wani guba na taruwa a namansu wanda suya ba ta kashe shi. Alamarsa baki ya yi zugi, fuska ta yi ja, kai ya sara, cikin ƙasa da sa'a guda. Yaji kan ɓoye ɗanɗanonsa, don haka a wurin saye ake kare kai.

A Fort Kochi, kusa da manyan tarunan nan da ake dangantawa da Sin, ana sayar maka da kifi ka kai a gasa. Ka yi ciniki biyu tun farko, na kilo da na gashi, ka tsaya a auna a gabanka. Idan kuwa kana gaɓar Alappuzha ka ji ana cewa chakara ta zo, ka yi sa'a: laka ce ke taruwa kusa da gaɓa ta kwantar da ruwa, kifi da jatan lande su yi dafifi a wurin, farashi ya faɗi na 'yan kwanaki. Ba ta da rana tsayayya. Daga farkon Agusta kuma, da jirage sun koma, kasuwa takan sassauta.

Tambaya: Ina karatu a Kozhikode. Da yamma muna zuwa bakin teku mu sha ƙanƙarar da ake gurzawa da mangwaro na ruwan gishiri. Abokina ya kwanta da shawara. Daga nan ne? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Ba za mu iya cewa daga wane kofi ba ne, domin ciwon hanta nau'in A kan ɓuya kwana 15 zuwa 50 kafin ido ya yi rawaya. Amma hanyarsa sananniya ce: ruwan sama ya cika masai ya malala cikin rijiyoyi, da ruwan a yi ƙanƙara ko a dama sharbat. Sanyi ba ya kashe ƙwayar. Kerala ta yi fama da ɓarkewar wannan ciwo a 2024, Malappuram na cikin inda ya fi tsanani. Ka bar gurzajjiyar ƙanƙara da sharbat na kan titi da 'ya'yan itacen da ke jiƙe a kwalba har rani. Ka maye su da abin da aka tsamo daga mai a gabanka, kamar pazham pori, ayabar da aka tsoma a ƙullu aka soya, da shayi. Kuɗin ma bai kai ba. Ka je asibiti a yi maka rigakafin ciwon hanta nau'in A da na taifot, in ba ka yi ba.

Akwai wani tarko a cikin gidajen abinci kansu. Suna ba da ruwan ɗumi kyauta, wani lokaci mai launin hoda saboda itacen da ake dafa shi da shi. Al'ada ce mai kyau, sai dai wasu kan sirka shi da ɗanyen ruwa don ya huce da wuri, tafasar ta tashi a banza. Ka ce a ba ka mai zafin gaske, ka bari ya huce da kansa. A ɗaki, ruwa ya yi minti ɗaya cur yana tafasa. Ruwan gora kuwa, ka duba hatimin murfi, kada ka biya sama da farashin da aka buga a jiki. Shawarma ma a yi hattara: bayan rasuwar wata ɗaliba a Kasaragod a 2022, jihar ta tsaurara doka, a 2023 kuma ta hana mayonis ɗin ɗanyen ƙwai. Ƙunshin abinci ya kamata ya zo da takardar lokacin da aka dafa shi.

Idan gudawa ta kama ka: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko fitsari ya yi duhu, asibiti kai tsaye. Zazzaɓi da ciwon sha-raɓa bayan ka taka ruwan kwata, ka gaya wa likita haka, domin ciwon da fitsarin ɓera ke yaɗawa yana kisa a can duk damina.

Tambaya: Ranar da ruwa ya hana fita fa? (Daga wata uwa a Garwa)

Amsa: Hukumar yanayi ta Indiya na ba kowace gunduma launi: kore, rawaya, ruwan lemu, ko ja. Ja na nufin ana tsammanin sama da milimita 204 cikin sa'o'i 24, kuma ranar masu kawo abinci na Swiggy da Zomato na iya tsayawa. Da kin ga ruwan lemu, ki tanadi na kwana biyu: ruwa, burodi, ayaba, dabino, ƙwai, madarar gari, da tsabar kuɗi ƙanana, tunda biya ta waya na yi wa baƙo wuya. Dafaffiyar shinkafar da ta wuce sa'o'i biyu a waje, wuta kuma ba ta nan, ki zubar, don ɗumame ba ya gyara ta.